Naji al-Ali

Naji Salim Hussain al-Ali (da Larabci: ناجي سليم حسين العلي, an haife shi wajen shekara ta 1938, ya rasu ranar 29 ga watan Agusta, 1987) mai zanen barkwanci ne ɗan ƙasar Falasɗinu, wanda ya yi suna da zanen siyasa a jaridun ƙasashen Larabawa. An ƙiyasta cewa ya yi zane kusan 40,000 a rayuwarsa. An fi saninsa da Handala, yaro ɗan shekara goma mai tsummokara da ba ya sanye da takalmi, wanda yake tsayawa a gefen zane ya juya wa mai kallo baya, hannuwansa a harɗe. Wannan yaro ya zama alamar ɗan gudun hijirar Falasɗinu da ke jiran komawa gida. Naji al-Ali ya soki mamayar Isra'ila da manufofin Amurka, ya kuma soki gwamnatocin Larabawa da shugabannin Falasɗinawa su kansu. An harbe shi a birnin Landan ranar 22 ga watan Yuli, 1987, ya rasu bayan kwana 38 a asibiti. Har yau ba a hukunta kowa da laifin kisansa ba.

## Farkon rayuwa

An haifi Naji a ƙauyen al-Shajara da ke yankin Galili a arewacin Falasɗinu, tsakanin garin Nazarat da Tabariyya, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Ma'anar sunan ƙauyen da Larabci ita ce bishiya. Ƙauye ne na manoma, Musulmi da Kirista suna zaune tare a cikinsa.

A shekara ta 1948, lokacin yaƙin da ya kai ga kafa ƙasar Isra'ila, an kori Falasɗinawa sama da 700,000 daga garuruwansu ko kuma sun gudu don tsira da rai. Falasɗinawa suna kiran wannan al'amari Nakba, wato babbar musiba. Ƙauyen al-Shajara yana cikin ɗaruruwan ƙauyukan da suka watse a wannan shekara, daga baya kuma aka rushe gidajensa. Naji yana da kimanin shekara goma lokacin da iyayensa suka tsallaka iyaka zuwa kudancin Labanan tare da shi. Sun sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Ain al-Hilweh, kusa da birnin Saida. Bai sake ganin ƙauyensu ba har ƙarshen rayuwarsa.

## Rayuwar sansani

Sansanin Ain al-Hilweh ya fara ne da tantuna, domin mutanen da suka sauka a cikinsa sun ɗauka zaman makonni ne ko 'yan watanni. Da yawa sun kulle ƙofofin gidajensu sun taho da mabuɗan. A watan Disamba na 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce a bar 'yan gudun hijirar da ke son komawa gidajensu su zauna lafiya da maƙwabta su koma, a kuma biya diyya ga waɗanda ba su koma ba. Isra'ila ba ta yarda da komawar ba. A ƙarshen 1949 majalisar ta kafa hukumar UNRWA don kula da abinci da makarantu da lafiyar 'yan gudun hijirar. A hankali tantuna suka zama ɗakunan bulo da rufin kwano, sansanin ya zama mafi girma a cikin sansanonin Falasɗinawa na Labanan.

Mafi yawan Falasɗinawan da suka shiga Labanan ba a ba su takardar zama 'yan ƙasa ba. Babu ƙasar da za ta ba su fasfo, sai takardar tafiye-tafiye ta 'yan gudun hijira. An hana su sana'o'i da yawa, kuma har zuwa 1969 jami'an leƙen asirin sojan Labanan ne ke iko da sansanonin, suna sa ido a kan wanda ya shiga da wanda ya fita. A cikin wannan hali Naji ya tashi, kuma a jikin bangon sansanin ya fara zane.

## Karatu da neman abinci

Naji ya yi karatun firamare a makarantar Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Majami'un Kirista. Talauci ya sa ya shiga aikin ƙwadago a lambunan lemu na Saida. Daga nan ya tafi Tarabulus a arewacin Labanan, ya yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a ta wasu limaman Katolika. Ya koma Beirut ya zauna a cikin tanti a sansanin Shatila, yana 'yan ayyuka a masana'antu. A 1957, bayan ya ƙware a kanikancin mota, ya tafi Saudiyya ya yi aiki na shekara biyu.

Ya dawo Labanan a 1959 ya shiga Ƙungiyar 'Yan Kishin Larabawa, wadda George Habash yake cikin waɗanda suka kafa ta. Zamansa a ƙungiyar bai yi daɗi ba: an kore shi sau huɗu cikin shekara ɗaya saboda ƙin bin dokokin jam'iyya. Bayan haka bai sake zama ɗan wata jam'iyya ba. A tsakanin 1960 da 1961 shi da wasu abokansa sun riƙa fitar da wata mujallar siyasa da suke rubutawa da hannu, mai suna *al-Sarkha*, wato kururuwa.

A 1960 ya shiga Kwalejin Zane-zane ta Labanan da ke Beirut, amma bai kammala ba, saboda an yi ta kama shi ana tsarewa a kan harkokin siyasa. A ɗakunan da aka tsare shi ma ya ci gaba da zane a jikin bango. Da aka sake shi ya koma birnin Sur, ya zama malamin zane a makarantar Ja'afariyya.

## Shiga aikin jarida

Marubuci Ghassan Kanafani ne ya fito da shi fili. Kanafani ya kai ziyara Ain al-Hilweh, ya ga zane-zanen Naji, ya ɗauki wasu ya buga su tare da sharhi a mujallar *al-Hurriya*, fitowa ta 88, ranar 25 ga watan Satumba, 1961. Wannan ne karon farko da aka buga aikinsa.

A 1963 ya tafi Kuwait, inda dubban Falasɗinawa ke zuwa neman aiki a lokacin da arzikin man fetur ya buɗe. A wannan shekarar ce Kanafani ya wallafa littafinsa *Rijal fi al-Shams*, labarin wasu Falasɗinawa uku marasa takardu da suka mutu a cikin tankin mota a hanyarsu ta shiga Kuwait ɗin a ɓoye. Niyyar Naji ita ce ya tara kuɗi ya je Alƙahira ko Rum ya yi karatun zane, amma aikin jarida ya riƙe shi. Ya yi aiki a mujallar mako-mako ta *al-Tali'a* a matsayin mai zane da tsara shafuka da gyaran labarai. A 1968 ya koma jaridar *al-Siyasa*.

A 1974 ya dawo Labanan ya kama aiki da jaridar *al-Safir*, wadda aka kafa a Beirut a wannan shekara, yana kuma aika zane ga jaridar *al-Khalij* ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Shekara guda bayan haka yaƙin basasar Labanan ya ɓarke. Shekarunsa a *al-Safir* su ne lokacin da sunansa ya fi bazuwa, har ya kasance masu karatu da yawa sukan fara duba shafin baya, inda zanensa yake, kafin su karanta kanun labarai.

## Handala

Handala ya fara bayyana a jaridar *al-Siyasa* ta Kuwait a 1969, shekara biyu bayan yaƙin 1967 da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yammacin Kogin Jordan da Gaza da gabashin Ƙudus. An samo sunansa daga *hanzal*, sunan Larabci na kwartowa, tsiron hamada mai yaɗo wanda 'ya'yansa ke da tsananin ɗaci, saiwarsa kuma ke nutsewa can cikin ƙasa, ko an sare shi yakan sake tohowa.

Yaron ba kyakkyawa ba ne, kuma da gangan mai zanen ya yi shi haka. Kansa babba ne, gashinsa 'yan tsiraru ne a miƙe kamar ƙayar bushiya, rigarsa da faci, ƙafafunsa babu takalmi irin na yaran sansani. Shekarunsa goma, daidai da shekarun Naji ranar da ya bar al-Shajara. Naji ya bayyana a hirarraki cewa yaron ba zai ƙara ko da shekara ɗaya ba sai ranar da ya koma ƙasarsa, a nan ne zai fara girma kamar sauran yara. Ta wannan hanya ya zana abin da ke da wuyar zanawa, wato jira. Jaridu suna fitowa kullum da sabon labari, an yi yaƙi, an yi taro, an sa hannu a yarjejeniya, shugabanni sun sauya, amma yaron da ke gefen shafin yana nan yadda yake jiya.

A farkon shekarunsa Handala yakan fuskanci mai karatu. Daga 1973, bayan yaƙin watan Oktoba da shirye-shiryen sulhun da Amurka ta jagoranta, ya juya baya ya harɗe hannuwa a bayansa. Mai zanen ya fassara wannan tsayuwa da cewa ƙin amincewa ce da duk wani sulhu da za a ƙulla daga waje a ɗora wa Falasɗinawa ba tare da su ba. Juya bayan yana da wani amfanin kuma: da yake yaron yana kallon abin da ke faruwa a cikin zanen, mai karatu yana tsaye ne a bayansa, yana ganin abin da yake gani. A wasu zane-zanen Handala yakan saki hannuwansa ya jefi soja da dutse, ko ya yi rubutu a bango, ko ya rungumi wanda aka raunata.

Daga baya Naji ya mayar da Handala tamkar sa hannunsa. Ya kuma ce ya ƙirƙiri yaron ne a Kuwait domin ya tsare shi kansa, kada jin daɗin ƙasar mai arziki ya mantar da shi inda ya fito.

## Sauran mutanen zanensa

Naji yana zane da baƙin tawada a kan farar takarda, sau da yawa da duhu mai yawa a bayan hoton. Wasu zanen ba su da rubutu ko kaɗan, wasu kuma suna da gajeriyar magana cikin Larabcin da talakawa ke yi a titi. Duk da ana kiran irin wannan aiki zanen barkwanci, nasa ba kasafai yake sa dariya ba. Ban da Handala, akwai wasu mutane da suke maimaituwa:

* Fatima, mace Bafalasɗiniya mai doguwar riga mai ado irin ta matan ƙauye, sau da yawa da mabuɗin gida rataye a wuyanta. Ita ce uwa da mata, wani lokaci kuma ita ce ƙasar kanta, ba ta sassautawa a kan maganar komawa.
* Al-Zalama, wani ramammen talaka mai gashin baki da tufafi masu faci, wanda yake wakiltar ɗan gudun hijira da talakan Balarabe a ko'ina, wanda ake dannewa a gida da waje.
* Masu ƙiba, wasu mutane masu tumbi da ba su da wuya, ba su da ƙafafu, sai jan ciki. Su ne masu mulki da attajirai da 'yan siyasar da ke ciniki da sunan Falasɗinu. Naji ba ya yawan zana fuskar wani shugaba takamaimai, waɗannan siffofi ne suke tsaya musu duka.
* Sojan Isra'ila mai hular kwano, wanda wani lokaci akan nuna shi a rikice a gaban yara masu jifa.

Alamomin da ya fi amfani da su sun haɗa da mabuɗi, da tanti, da waya mai ƙaya, da gangar man fetur, da rawanin kufiyya, da furen da ke tsirowa daga kabari ko daga rauni. Ya sha zana gicciye kusa da jinjirin wata, musamman a lokacin yaƙin basasar Labanan, don nuna adawarsa da rabuwar kai ta addini da ta ɗariƙa.

Aikinsa yana cikin wani babban layi na fasahar Falasɗinawa da ta taso bayan 1948. Ismail Shammout, wanda aka kora daga garin Lidda, ya yi hoton fenti mai suna *Ila Ayn*, wato zuwa ina, a 1953, wanda ke nuna wani dattijo da yara a kan hanyar hijira. Sliman Mansour ya yi *Jamal al-Mahamil* a 1973, hoton tsohon ɗan dako da ya goya birnin Ƙudus a bayansa. Bambancin Naji da su shi ne nasa aikin yana fitowa kowace safiya a jarida, yana isa hannun mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin baje kolin zane ba, har da waɗanda ba su iya karatu ba.

## Mamayar 1982 da komawa hijira

A watan Yuni na 1982 sojojin Isra'ila suka mamaye Labanan. An yi wa Ain al-Hilweh ruwan bama-bamai, aka rushe mafi yawan gidajen sansanin. Naji yana yankin Saida a lokacin, kuma sojojin sun tsare shi na ɗan lokaci tare da sauran mazauna wurin. An kwashe dubban maza zuwa sansanin tsare mutane na Ansar, mata suka fara sake gina gidajen da hannunsu. A ƙarshen watan Agusta mayaƙan Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu, PLO, suka fice daga Beirut, a watan Satumba kuma aka yi kisan kiyashin Sabra da Shatila, sansanin da Naji ya taɓa zama a cikinsa yana saurayi. Waɗannan abubuwa sun cika zane-zanensa na wannan lokaci.

A 1983 ya koma Kuwait ya kama aiki da jaridar *al-Qabas*. Sukar da yake yi wa shugabannin PLO ta ƙara zafi. Yana zarginsu da almubazzaranci, da nisanta da mutanen sansani, da shirin sayar da haƙƙin komawa a teburin sulhu. A 1985 mahukuntan Kuwait suka kore shi daga ƙasar, mutane da yawa kuma sun danganta korar da matsin lamba daga shugabannin ƙungiyar. Mutumin da ba shi da ƙasa zamansa a ko'ina ya dogara ne ga takardar izinin zama, wadda za a iya janyewa a kowane lokaci. Ya tafi Landan tare da matarsa da 'ya'yansa huɗu, ya ci gaba da aiki a ofishin *al-Qabas* mai fitar da bugun ƙasashen waje. A can ma ya ci gaba da samun barazanar kisa.

## Kisansa

Da yammacin ranar Laraba, 22 ga watan Yuli, 1987, Naji yana tafiya a ƙafa zuwa ofishin *al-Qabas* a titin Ives da ke yammacin Landan, sai wani mutum ya harbe shi da ƙaramar bindiga ya gudu. Bai farfaɗo ba har ya rasu a asibitin Charing Cross ranar 29 ga watan Agusta. Burinsa shi ne a binne shi a Ain al-Hilweh kusa da mahaifinsa, amma hakan bai samu ba. An binne shi a sashen Musulmi na maƙabartar Brookwood, a wajen Landan.

A cikin binciken, 'yan sandan Birtaniya sun kama wani Bafalasɗine mai bincike a Jami'ar Hull, aka sami makamai da abubuwan fashewa a gidansa. Ya shaida cewa yana yi wa PLO aiki, yana kuma yi wa hukumar leƙen asirin Isra'ila, Mossad. An yanke masa ɗaurin shekara 11 saboda mallakar makaman, amma ba a tuhume shi da kisan ba. Gwamnatin Margaret Thatcher ta fusata da yadda Mossad ta ɓoye wa Birtaniya abin da ta sani, ta kori wasu jami'an diflomasiyyar Isra'ila, ta kuma rufe ofishin hukumar a Landan. An zargi ɓangarori daban-daban da kisan, ciki har da Mossad da wasu jami'an PLO, kuma PLO ta musanta. A 1989 an tsinci bindigar da aka yi amfani da ita a unguwar Paddington. A watan Agusta na 2017, shekara 30 bayan rasuwarsa, 'yan sandan Landan suka sake buɗe binciken, suka nemi duk mai wani bayani ya fito.

## Littattafai da lambobin yabo

An buga tarin zane-zanensa a littattafai uku yana raye, a 1976 da 1983 da 1985, yana kuma shirya na huɗu lokacin da aka kashe shi. A 1979 an zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masu Zanen Barkwanci ta Larabawa. Ya zo na ɗaya a baje kolin masu zanen barkwanci na Larabawa da aka yi a Dimashƙu a 1979 da 1980. A 1988 Ƙungiyar Masu Buga Jaridu ta Duniya ta ba shi lambar yabo ta Alƙalamin Zinariya na 'Yanci bayan rasuwarsa. A 2009 an fitar da zaɓaɓɓun zane-zanensa da bayanin Turanci a littafin *A Child in Palestine*, wanda mai zane Joe Sacco ya rubuta wa gabatarwa.

## Abin da ya bari

Wata uku da 'yan kwanaki bayan rasuwarsa, a watan Disamba na 1987, boren Intifada na farko ya ɓarke a Gaza da Gaɓar Yamma, inda yara da matasa suka fuskanci sojoji da duwatsu, abin da ya riga ya sha zanawa tun shekarun baya. A farkon shekarun 1990 an yi fim a Masar mai suna *Naji al-Ali*, wanda Atef al-Tayeb ya ba da umarni, Nour al-Sharif kuma ya fito a matsayin Naji. Fim ɗin ya jawo ce-ce-ku-ce a jaridun Masar saboda sukar gwamnatocin Larabawa da ke cikinsa. An kafa mutum-mutuminsa a ƙofar arewa ta sansanin Ain al-Hilweh, amma wasu suka lalata shi da abin fashewa. An sake kafa shi, daga baya ya ɓace.

Handala ya ci gaba da yaɗuwa bayan mai shi. Ana ganinsa a bangon sansanonin Labanan da Jordan da Siriya, da jikin katangar da Isra'ila ta gina a Gaɓar Yamma, da sarƙoƙin wuya da riguna da allunan masu zanga-zanga a ƙasashe da dama. Ƙungiyar BDS mai kiran a ƙaurace wa Isra'ila ta ɗauke shi a matsayin tambarinta. A watan Yuli na 2025 wani jirgin ruwan masu fafutuka mai suna Handala ya nufi Gaza da kayan agaji, sojojin ruwan Isra'ila suka tare shi kafin ya isa. Jikokin waɗanda suka sauka a Ain al-Hilweh a 1948 suna zaune a sansanin har yanzu, mafi yawansu ba su da takardar zama 'yan wata ƙasa, kuma a duk inda aka zana Handala ana zana shi ne yana ɗan shekara goma.